Yadda ake haɗa abincin dare na mutane da yawa a gida, da yadda ake fita ci a waje ba rigima

Girkin mutum huɗu daban, girkin mutum goma daban, ko da hannu ɗaya ne ya yi su. Wanda ya saba ciyar da iyalinsa kullum yakan ɗauka ninka komai kawai zai yi ya wuce wurin. Sai ya tarar shinkafa ta caɓe a ƙasa, nama ya ƙi soyuwa sai tsatstsafo ruwa yake yi, miya ta yi gishiri, baƙi kuma na zaune suna jiran abin da aka ce "saura kaɗan" tun ɗazu. Yawancin wannan ɓarna ana iya hana ta kafin a kunna wuta, da biro da takarda.

A fara da ƙirga baki

A san adadin masu ci, manya nawa, yara nawa. Yaro ɗan ƙasa da shekara 10 a lissafa shi rabin babba. Matashi mai tasowa kuwa a ba shi kason babba cikakke, wani lokaci har da ƙari. A kan jimillar a ɗora kason mutum ɗaya ga kowane mutum shida, saboda mai neman ƙari da wanda ya zo da rakiya ba sanarwa.

Tun wajen gayyata a yi tambaya ɗaya: akwai abin da wani ba ya ci? Wanda ba ya son abu zai ture shi gefen faranti, ba matsala. Wanda jikinsa ba ya karɓar abu shi ne abin kula. Abubuwan da suka fi jawo wannan su ne gyaɗa, ƙwai, madara, alkama, waken soya, riɗi, kifi da jatan lande. Ga mai tsananin wannan lalura, tsame gyaɗar daga farantinsa bai wadatar ba. Cokalin da ya juya miyar gyaɗa idan ya shiga tukunyarsa ya isa ya tayar masa da ciwo. A dafa nasa da farko, da kayan aiki wankakku, a rufe a ajiye gefe. Jariri ɗan ƙasa da shekara 1 ba a ba shi zuma, ƙananan yara kuma ba a ba su gyaɗa ko inabi ɗungurungum saboda ƙwarewa.

Mai girki shi ma ya duba kansa. Idan ya yi amai ko gudawa, kada ya dafa wa kowa sai ya kwana biyu cur da warkewa.

Awo

An ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima. Haka ne, sai dai ƙimar tukunyar da ya saba da ita ya sani. Ranar da aka canza tukunya ido kan ruɗe, shi ya sa ƙaramin sikeli ya fi. Ga kason babba ɗaya, duk a ɗanye:

Shinkafa giram 75 zuwa 90. Taliya giram 80 zuwa 100. Dankali giram 200 zuwa 250. Tsokar nama ko kifi marar ƙashi giram 150 zuwa 200. Idan da ƙashi ne, kamar cinyar kaza, giram 250 zuwa 300. Busasshen wake giram 60 zuwa 70. Kayan lambu kamar giram 150. Miya ludayi ɗaya da rabi. Ruwan sha aƙalla rabin lita.

Dalilin da ya sa kason shinkafa ya yi kama da ƙanƙani shi ne tana kumbura ta kai kusan ninki uku. Nama akasin haka yake: yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa a wuta. Saboda haka kuskuren da aka fi yi shi ne shinkafa ta yi yawa, nama ya yi kaɗan. Idan naman cikin miya zai shiga tare da wake ko dankali, giram 100 zuwa 120 ma ya isa kowa. A yanka shi ƙanana daidai da juna, kuma a ƙirga yankan, domin mai zubawa ya san nawa-nawa zai raba.

Me za a dafa

Ranar baƙi ba ranar gwajin sabon girki ba ce. A ɗauki abin da hannu ya riga ya saba, a tsara shi gida uku. Na ɗaya abin da ke iya jira a kan ƙaramar wuta ba ya lalacewa: miya, farfesu, wake, naman da aka dafa ya yi laushi. Irin wannan ma ya fi daɗi idan ya ɗan zauna. Na biyu abin da ake yi daf da ci, kuma ya zama guda ɗaya tak: shinkafa, ko taliya, ko gasasshiyar kaza. Na uku abin sanyi da ba ya buƙatar murhu, kamar haɗin ganye ko yankakkun 'ya'yan itace.

Abin da za a guje wa shi ne duk girkin da ake soyawa ɗaya bayan ɗaya a ci da zafi. Mai girki zai ƙare a tsaye gaban kasko, na farko sun gama ci na ƙarshe ba su fara ba, shi kuma bai zauna da kowa ba. A kuma ƙirga kawunan murhu. Mai kai biyu ba zai ɗauki tukwane uku lokaci guda ba, duk wayon mai girki.

Lissafin lokaci daga ƙarshe ake farawa

A rubuta lokacin da ake so a zauna, sannan a riƙa ja da baya. Misali mutum takwas, shinkafa da miyar tumatir da gasasshiyar kaza da haɗin ganye, za a ci ƙarfe 8:00 na dare. Ana buƙatar shinkafa kamar giram 700 da yankan kaza mai ƙashi kilo 2 da rabi.

Tun safiyar jiya kazar ta bar firiza ta koma can ƙasan firiji, a cikin mazubi mai baki don kada ruwanta ya ɗiga kan wani abu. Kowane kilo 2 yana cin kusan awa 24 kafin ƙanƙararsa ta saki. Narkar da ita a kan tebur kuskure ne, don bayanta zai ɗumama ƙwayoyin cuta su fara hayayyafa alhali cikinta na daskare. Idan an manta, a ɗaure ta a leda a nutsa cikin ruwan sanyi, ana canza ruwan duk rabin awa, a kuma dafa ta nan take. Da safe a barbaɗa mata gishiri, kamar giram 10 ga kowane kilo, wato ƙaramin cokali biyu ba tozo. Gishirin da ya daɗe yana ratsa tsoka. Wanda aka sa daf da gashi a fata yake tsayawa.

Ƙarfe 5:45 a yi duk yanke-yanke. Kayan da za a ci ɗanye su fara hawa katako, ɗanyen nama ya zo ƙarshe, sannan a wanke katako da wuƙa da hannu da sabulu. Ƙarfe 6:15 a ɗora miya: albasa minti 10 a wuta tsaka-tsaki, tumatir minti 25 zuwa 30 har tsaminsa ya mutu mai ya taso sama, sai a rage wuta can ƙasa. Ƙarfe 6:50 a kunna oben a digiri 200, don yana buƙatar kwata kafin ya ɗau zafi. Ƙarfe 7:05 kaza ta shiga, minti 40 zuwa 45. Ƙarfe 7:20 a ɗora shinkafa: minti 10 ta tafasa, 15 zuwa 18 a ƙaramar wuta a rufe, 10 a kashe wuta a bar ta ta turara ba a buɗe ba. Ƙarfe 7:50 kaza ta fito ta huta, a nan ne ake zuba wa ganye mai da lemon tsami. Idan aka zuba tun da wuri, gishiri da tsami za su janye ruwansa ya yi laƙwas.

A kan duk wannan a bar rarar minti 20 da ba a ba kowane aiki ba. Tukunya babba ba ta tafasa a lokacin ƙarama, kuma wani zai ƙwanƙwasa ƙofa daidai lokacin da albasa ke neman ƙonewa.

Inda ninka girki ke cin amana

Ruwan shinkafa shi ne na farko. Shinkafa tana shan ruwa kusan daidai da awonta, sauran tururi ne yake tafiya da shi, kuma yawan tururin ya danganta da faɗin tukunya da tsawon lokaci, ba da yawan shinkafar ba. Wanda ke dafa kofi 2 da ruwa kofi 3, idan ya koma kofi 4 ruwansa kamar kofi 5 ne, ba 6 ba. Wannan kofi ɗaya na rara shi ke caɓa ƙasan tukunya. Idan shinkafar ta haura kilo 1, ya fi sauƙi a raba ta tukunya biyu, ko a tafasa ta cikin ruwa mai yawa a tace a gwagwa, a mayar ta turara. Idan kuma ta kama, kada a kankare. A juye ta sama cikin wani mazubi a hankali, a bar ƙanzon a inda yake, in ba haka ba ƙaurin ya bi ta duka.

Na biyu suyar nama. Launin nan na ja-ja da ƙamshin suya ba sa samuwa sai zafin bayan naman ya haura kusan digiri 140. Masanin kimiyyar Faransa Louis-Camille Maillard ne ya bayyana yadda abin ke faruwa a 1912. Ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100. Da zarar an cika kasko maƙil, ruwan da naman ke fitarwa ba ya samun hanyar ƙafewa, sai suya ta koma dahuwa, naman ya fito fari fat kuma da tauri. Maganinsa a tsane naman da tsumma mai tsabta, a jira mai ya yi zafi, a soya kashi-kashi da tazara tsakanin yanka da yanka. Haka tiren oben: kaza kilo 2 da rabi tire biyu take so, a musanya na sama da na ƙasa a tsakiyar gashi.

Na uku gishiri da yaji. Idan an ninka girki sau biyu, a fara da ninki ɗaya da rabi, a ɗanɗana, a ƙara a ƙarshe, musamman ga miyar da za ta daɗe a wuta tana ƙafewa. Maganar jefa dankali ya tsotse gishiri ba ta da wani tasiri. Abin da ke aiki shi ne ƙara ruwa ko tumatir marar gishiri, ko a dafa shinkafar lami. Yaji kuma a sassauta shi a tukunya a ajiye ƙari a gefe, mai so ya ƙara da kansa.

Taliya tana son ruwa lita 1 ga kowane giram 100, ko kusa da haka. A sauke ta saura minti 1 ta nuna, don zafin jikinta zai ƙarasa ta, a haɗa ta da miyarta nan take kafin ta dunƙule.

Nunar kaza ba a gane ta da launin fata. Ma'aunin zafi da ake sokawa a nama shi ne tabbaci: digiri 74 a wuri mafi kauri, ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Idan babu, a tsaga kusa da ƙashin cinya. Ruwan ya fito garau, ba ja ba.

Jira da zubawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da iyaka mai sauƙin riƙewa: abinci mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, kuma dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a tsakanin nan. Idan garin da zafi sosai, sama da digiri 32, a mayar da shi awa 1. Kula tana riƙe zafi ne kawai, ba ta ƙara shi, saboda haka a ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, a zuba abincin yana tururi, a cika ta. Kular da aka zuba wa rabi tana saurin hucewa.

Kada a fito da komai gaba ɗaya. Kashi biyu cikin uku ya hau tebur, sauran ya zauna da zafinsa a kicin. Kowane mazubi da cokalinsa. Idan kowa zai ɗiba da kansa, shinkafa da ganye su kasance a farkon layi, nama a ƙarshe. Faranti ya riga ya cika kafin a iso wurinsa, sai ya ishi kowa. A cire kason wanda zai makara tun kafin a fara, ba a tattara masa ragowa ba.

Idan karo-karo za a yi, kowa ya zo da wani abu, mutum ɗaya ya riƙe rabon aiki. "Ka zo da duk abin da ya sawwaƙa" ita ke haifar da shinkafa kala huɗu ba miya. A faɗa wa kowa abin da zai kawo da adadin mutanen da zai ciyar. Na nesa a ba shi abin sha ko 'ya'yan itace, na kusa ya ɗauki mai zafi, babban girkin kuma ya tsaya a gidan da za a ci.

Ragowa

Nan ne aka fi sakaci, don kowa ya ƙoshi hira ta yi daɗi. Babbar tukunyar miya ko nama da aka tura firiji yadda take na iya kwana tsakiyarta da ɗumi, kuma irin wurin da ƙwayar Clostridium perfringens ke so ke nan. A rarraba cikin robobi marasa zurfi, kaurin abincin kada ya wuce santimita 5.

Shinkafa ta fi kowa buƙatar hanzari. Tana ɗauke da ƙwayar Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta kashe irinta. Idan shinkafar ta daɗe a ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya karya ta. Wato shinkafar da ta kwana a waje ba ta gyaruwa da wuta, ko da ba ta yi wari ba. A baza ta a tire ta huce cikin awa 1, a sa a firiji, a cinye washegari. Miya da nama suna kai kwana 3 zuwa 4. Ɗumame sau ɗaya ake yi, a ɗebi iya wanda za a ci, ya yi zafi har tsakiya yana tururi.

In a waje za a ci

Wahalar girki ta fita, saura ta kuɗi da ta oda. Maganar biya a gama ta tun a saƙon gayyata, kafin kowa ya ga jerin abinci. "Ku zo, ni zan biya" magana ɗaya ce. "Mu haɗu mu ci, kowa da nasa" wata ce daban. Wanda ya bar ta a dunƙule shi ke jawo shirun nan mai nauyi lokacin da takardar kuɗi ta sauka a tebur kowa ya shiga duba wayarsa. A zaɓi wurin da mafi ƙarancin hali a cikin tafiyar zai iya, ba tare da an sa shi ya faɗa da bakinsa ba.

Idan an haura mutum shida, a kira a kama wuri, a tambaya ko suna raba takardar kuɗi, don wasu wuraren ba sa yi sai an faɗa tun farko. Mutum ɗaya ya tattara oda ya karanta wa ma'aikacin, shi kuma ya maimaita. Mai lalurar abinci ya faɗa da kansa, a kuma nemi a tambayo kicin, har da man da ake suya da shi.

Idan a tsakiya za a ajiye kowa ya ɗiba, a yi odar manyan faranti ƙasa da adadin mutane da ɗaya ko biyu, mutum shida faranti huɗu ko biyar, da ɗan abin haɗawa. Mai jin yunwa odarsa ta fi cikinsa. Ƙari ba ya wuya, amma abin da ya riga ya iso ba ya komawa.

Rabon kuɗi daidai-wa-daida yana da kyau idan abin da aka ci ya yi kusa da juna. Idan wani ruwa da ɗan abin taɓawa kawai ya sha, wani kuma ya ci mafi tsada har da ƙari, raba daidai zalunci ne cikin ladabi, kuma wanda aka danne ba zai yi magana ba, sai dai gobe ya ce yana da uzuri. A irin wannan kowa ya biya nasa, abin da aka ci tare a raba shi, haraji da kuɗin hidima kuma su bi gwargwado: wanda cinsa ya kai kashi 20 cikin 100 na abincin, kashi 20 na harajin ne nasa. Mutum ɗaya ya biya duka, sauran su tura masa kafin a tashi daga teburin, don ƙaramin bashi irin wannan kunyar tambaya gare shi. A karanta takardar layi-layi, a ga ko an riga an saka kuɗin hidima kafin a ƙara wani ihsani, a kuma duba ko an rubuta abin da aka soke.

Ragowar da za a ƙunso zuwa gida ita ma dokar awa 2 na kanta, kuma agogon ya fara ne daga lokacin da farantin ya sauka a tebur, ba lokacin da aka fito ba. Idan an yi awa ɗaya da rabi ana hira, ga hanya ta minti 40, ko za a biya wani wuri a bar ledar cikin mota, gara a bar ta a gidan abincin, musamman in shinkafa ce ko kifi.